Yadda zaka gyara gilashin taga da ya fashe ko yake yoyo da kanka

Bara in fara da ɓarnar da na yi da hannuna, don ita ce ta koya min rabin abin da zan faɗa anan. Akwai wata taga ta alminiyum mai zugewa a ɗakina, duk sanda aka yi ruwa da iska sai in tarar ruwa ya taru a gindinta ya gangaro bango, fenti har ya fara kumbura yana ɓarewa. Na zagaya ta waje na duba sai na ga wasu ƴan ramuka biyu masu ɗan tsawo a ƙasan firam ɗin, na ce yauwa ga ɓarawon, na sayo silikon na ɗura musu na shafe tas ina ta jin kaina. Ruwan da aka yi bayan nan sai da aka sa tsumma da bokiti, abin ya ninka na da. Dattijon da na kira ya duba, ya duƙa ya kalli wurin ya ɗago ya kalle ni ya ce "Malam wa ya toshe wa tagar nan hanci?" Na ce ni ne Baba. Ya ce "ai ta nan take fitar da ruwa, ka rufe mata ƙofar fita ka bar ta shiga a buɗe." Ya sa ƴar waya ya zaƙulo silikon ɗin da na ɓata yini ina sakawa, ya canza robar da ta bushe a jikin gilashin, shikenan yoyo ya tsaya. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Toh shi yasa nake cewa kafin ka taɓa silikon ko foti (kwaɓin da ke riƙe gilashi a firam) ko guduma, ka fara sanin ta ina ruwan yake shigowa, saboda ruwa ba a inda ka gan shi yake shiga ba, yana iya shiga ta sama ya bi cikin firam ya fito maka a kusurwar ƙasa kai kuma kana ta lafta magani a inda babu ciwo.

Fara da gano ɓarawon

Abu na farko, ka tabbatar yoyo ne ba gumi ba. Idan da sassafe lokacin sanyi kake ganin ɗigo-ɗigo a jikin gilashin ta ciki alhali ba a yi ruwa ba, wannan tururin cikin ɗaki ne ya haɗu da sanyin gilashi ya koma ruwa, irin yadda kofin ruwan sanyi ke yi. Maganinsa buɗe taga iska ta riƙa shiga da daina shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗaki, ba silikon ba. Amma in sai an yi ruwan sama abin ke faruwa, toh yoyo ne.

Ka jira rana ta fito wurin ya bushe sosai, ka samu mutum ɗaya ya tsaya a ciki da tocila da busasshen tishu, kai kuma ka tsaya a waje da tiyo ko buta. Daga ƙasa zaka fara zuba ruwan kana hawa sama a hankali, kar ka fara daga sama domin ruwan zai gangaro ya jiƙa ko'ina ka rasa gane komai. Ka zuba a gindin tagar na ƴan mintuna, in na ciki bai ga komai ba ka koma gefe ɗaya, sannan ɗaya gefen, sannan inda gilashi ya haɗu da firam, sai saman tagar a ƙarshe. Kar ka matse bakin tiyon ya riƙa feshi da ƙarfi, babu tagar da ba za ta shigar da ruwa ba in aka yi mata haka. Inda ruwa ya fara bayyana a ciki lokacin da kake kan wani wuri, ka sa alli ko fensir ka yi alama.

Yawanci abin baya wuce ɗaya daga cikin waɗannan: ramukan fitar ruwa sun toshe da ƙura da matattun ƙwari, ko roba ko fotin da ya riƙe gilashin ya bushe ya tsattsage, ko akwai rata tsakanin firam da bango, ko kuma laifin ba na tagar bane sam, bangon samanta ne ya tsage, dama ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka kuma duba dakalin tagar ta waje, ya kamata ya ɗan karkata waje ruwa ya zirare, in magini ya yi shi a miƙe ko ya karkato ciki toh ko buhun silikon ka zuba ruwa zai dinga kwanciya a gindin firam, wannan sai an gyara filastar.

Na ramukan nan shi ne mafi sauƙi. Ka share layin da tagar ke zugewa a kai da tsohon buroshin haƙori, ka zura waya ko tsinke cikin ramin, ka zuba ruwa kofi ɗaya a layin ka ga ya fita ta waje. In ya fita an gama.

Na roba kuma, ka latsa ta da farce, in ta yi tauri kamar busasshiyar fata ko ta ja da baya a kusurwa ta bar fili, ta mutu. Ka yanko ɗan guntu ka tafi da shi wajen masu sayarwa don a baka irinta, domin sun bambanta a kauri da siffa. Wajen sakawa kar ka ja ta tana miƙewa, ka tura ta ne kana danna ta, har ka bar ɗan rara kaɗan a tsawon, saboda in ka ja ta daga baya za ta koma yadda take ta bar maka rata a kusurwa. Ɗan ruwan sabulu na taimakawa ta shige.

Yadda ake sa silikon ya zauna

Anan ne mafi yawan mutane ke yin kuskure, nima har da ni. Sabon silikon baya kama tsoho yadda ya kamata, baya kama ƙura, baya kama jiƙaƙƙen wuri. Idan ka lafta sabo a kan tsoho zai yi kyau a ido na wata ɗaya ko biyu sai ka ga ya ɗago kamar ɓawo, ruwa kuma na bi ta ƙarƙashinsa. Don haka ka sa reza ko wuƙa mai kaifi ka kankare tsohon gaba ɗaya, ka share da buroshi, ka goge da tsumma mai ɗan sifirit, ka bari ya bushe ƙarau. Wannan shirin ya fi shafawar cin lokaci kuma shi ne aikin gaskiya.

Wajen saye ka lura, silikon iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai warin tsami da ke hawa hanci in ka buɗe, wannan yana kama gilashi sosai amma asid ɗin da yake fitarwa lokacin bushewa na iya cin wasu ƙarafa, kuma baya zama da kyau a kan siminti. Akwai wanda ake rubuta Neutral a jikinsa, shi ba shi da wannan warin, kuma shi ya fi dacewa da tsakanin firam da bango ko jikin ƙarfe. Ka duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin robar, wanda ya tsufa yana iya ƙin bushewa ya zauna yana danƙo har abada. Sannan fenti baya kama silikon, in kana son fenta wurin daga baya ka nemi wanda aka rubuta ana iya yi masa fenti, ko ka sayi mai kalar firam ɗinka tun farko.

Ka manna tef ɗin takarda a gefe biyu na layin da zaka cike, ka bar tsakiyar kawai. In ratar tana da zurfi ka fara cusa siririn soso a ciki don silikon ɗin ya samu abin jingina, kar ka yi ta ɗurawa cikin rami. Ka yanke bakin robar silikon ɗin a karkace, kamar digiri 45, ka fara da ƙaramin yanka don in ya yi kaɗan zaka ƙara amma in ya yi faɗi shikenan. Ka sa a bindigar da ake matso silikon da ita, ka matsa a hankali kana tafiya da hannu ɗaya ba tsayawa daga kusurwa zuwa kusurwa, da ka kai ƙarshe ka danna ɗan ƙarfen bayan bindigar don ya daina zubowa, in ba haka ba zai ci gaba da fita yana ɗiga a takalminka. Sai ka tsoma yatsa a ruwan sabulu ka bi layin sau ɗaya ka lallashe shi, sau ɗaya fa, yawan komawa shi ke ɓata shi. Ka cire tef ɗin nan take tun yana ɗanye, cikin ƴan mintuna yake fara yin fata a sama. Ka ba shi aƙalla awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi, in layin mai kauri ne ya fi haka, domin daga waje yake bushewa yana shiga ciki kamar milimita 2 zuwa 3 a yini. Kuma ta waje ake toshe yoyo, in ka toshe ta ciki kawai ka kulle ruwan ne a cikin bango.

In gilashin ne ya tsage ko ya fashe

Gaskiya ɗaya ce, tsagaggen gilashin taga canza shi ake yi. Tef mai faɗi a ciki da waje, ko kwali da leda mai kauri in ya ɓule, duk na wucin gadi ne kafin ka samu sabo, tsagar za ta ci gaba da tafiya duk sanda aka buga ƙofa ko rana ta dake shi. Amma ka tsaya ka kalli tsagar kafin ka cire, tana da labari. In ta yi kamar tauraro daga wuri ɗaya, abu ne ya doke shi, ƙwallo ko dutse. In kuma daga baki ta taso ta miƙe sannan ta lanƙwasa babu alamar duka, toh ko dai an matse gilashin a firam ba shi da wurin motsi, ko zafi ne ya yi yawa a wani sashe wani sashen na inuwa, ko tsatsa ce ta kumbura a firam ɗin ƙarfe ta danne shi. In baka gyara wannan dalilin ba sabon ma haka zai yi.

Kayan kariya ba wasa bane anan. Safar hannu mai kauri, tabarau, takalmi rufaffe, riga mai dogon hannu, yara kuma a fitar da su daga wurin gaba ɗaya. Ka shimfiɗa kwali ko tsohon buhu a ƙasa ciki da waje. Ka manna tef a jikin gilashin ta ko'ina don kar ya tarwatse. Daga sama ake fara cire guntaye ana saukowa, don in ka fara da na ƙasa na saman zai sauko maka a hannu kamar wuƙa. Ka riƙe kowanne da filaya ko hannu mai safa ka ɗan girgiza ka zare. In tsautsayi ya sa gilashi ya shige jiki sosai kar ka zare shi, ka danne gefen wurin da tsumma mai tsabta a tafi asibiti.

Yadda zaka fitar da sauran ya danganta da irin tagar. Ta katako, ko dai foti ne ya riƙe gilashin, wato wannan kwaɓin mai kama da yumɓu da ke taurarewa, ko siraran katakai da aka buga da ƙananan ƙusoshi. Fotin sai ka sa kurfi ko tsohuwar wuƙa ka ɓanɓare a hankali, zaka ci karo da ƙananan ƙusoshi a ƙarƙashinsa ka zare su da filaya. Siraran katakan kuma ka ɗaga su daga tsakiya ba daga kusurwa ba don kar su karye, ka rubuta wa kowanne lamba ya koma inda ya fito. In gidan tsoho ne sosai kar ka goge tsohon fenti a bushe da samfefa, fentin zamanin da na iya ɗauke da dalma kuma ƙurarsa guba ce musamman ga yara, ka jiƙa wurin ka sa takunkumi. Ta ƙarfe ma foti ne amma da ƴan ƙarafa masu lanƙwasa da ke shiga ramuka a firam, ka adana su kar su ɓace. Ta alminiyum mai zugewa ita ce mai daɗin aiki, zaka ɗaga murfin sama ka jawo gindinsa ya fito, ka kwantar a tebur, ka kwance sukurorin kusurwa, firam ɗin ya rabu, gilashin na cikin wata roba da ta naɗe bakinsa. Mai luba kuwa, wato taga mai jerin siraran gilasai da ake karkatawa, ka ɗan buɗe bakin maƙalin da filaya ka zare guntun ka zura sabo ka mayar, sai dai ka ce a goge maka bakin sabon don hannu na yawan taɓa shi.

Bayan ka cire ka tsaftace gurbin tas, ko ɗan ƙanƙanin guntu ko busasshen foti ya rage shi zai fasa maka sabon. Firam ɗin ƙarfe ka kankare tsatsa da buroshin waya ka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa ka bari ya bushe. Na katako ka shafa fentin share fage a gurbin, in ba haka ba busasshen katako zai tsotse man fotin ya bar shi ya tsattsage da wuri. In ka soka sukundireba katakon ya lotsa toh ya ruɓe ko gara ta ci, wannan aikin kafinta ne kafin a zo maganar gilashi.

Awo, inda kuɗi ke ɓacewa

Ka auna faɗin gurbin a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, tsawon ma a wuri uku, ka ɗauki mafi ƙanƙanta a kowanne, sannan ka rage milimita 3 daga faɗi da 3 daga tsawo. Misali in ka samu 600 da 900, abin da zaka ce a yanka maka 597 da 897. Mutane na ganin kamar in ya shiga cif-cif ya fi kyau, a'a, gilashi da firam ba tare suke buɗewa ba in zafi ya taɓa su, alminiyum na buɗewa fiye da ninki biyu na gilashi, katako kuma yana kumbura da damshi, in babu wannan ƴar ratar wata rana kana zaune zaka ji ƙas. Ka kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye duka biyun, in basu zo ɗaya ba firam ɗin ya karkace, gara ka yanka kwali daidai gurbin ka kai wa mai yanka. A milimita zaka rubuta awon a takarda, kar ka dogara da kai, kar kuma ka haɗa inci da santimita. Na alminiyum da roba ta naɗe, ya fi sauƙi ka auna tsohon gilashin in bai tarwatse ba.

Ka tafi da guntun tsohon don a ga kauri da kala. Na tagogin gida yawanci milimita 3 ne ko 4 ko 5 ko 6, kuma nauyinsa kilo biyu da rabi ne a kowace murabba'in mita ga kowane milimita na kauri, kaga mai milimita 4 mita ɗaya da mita ɗaya kilo 10 kenan, don haka babba ba aikin mutum ɗaya bane. A tsaye ake ɗaukar gilashi ba a kwance kamar faranti ba. Ni dai shawarata ka bari mai shago ya yanka, yankan gilashi hannu ne, kafin ka iya sai ka fasa uku.

Sakawa

Ka fara gwada shi a gurbin ba tare da komai ba ka ga ya shiga da ɗan wasa. In na foti ne, ka murza fotin a hannu har ya yi laushi, ka shimfiɗa siriri a gurbin zagaye, ka sa ƴan guntayen roba biyu a ƙasa gilashin ya zauna a kansu kar ya taɓa firam kai tsaye, ka fara sa gindin sannan ka tura saman, kana dannawa a baki-baki, kar ka taɓa danna tsakiya. Fotin da ya fito ta baya ka yanke. Sai ƙananan ƙusoshi duk bayan santimita 15 zuwa 20, a kwance a jikin gilashin, ka riƙa zamar da gefen kurfi a kan gilashin kana buga su a hankali maimakon ɗaga guduma. Na ƙarfe ka mayar da ƴan ƙarafan nan, kuma ka nemi fotin da aka yi don ƙarfe, na katako baya bushewa da kyau a kansa. Sannan ka cika gaba da foti ka ja wuƙa a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa ya yi gangare ruwa ya riƙa zirarewa. In wuƙar na kamawa ka tsoma ta a ruwa. Na alminiyum ka naɗa robar a bakin gilashin, ka sa firam ɗin kana bubbugawa da guntun katako a hankali, ka ɗaure sukurori ba da ƙarfin tsiya ba.

Foti na son sati ɗaya zuwa biyu kafin ya yi fatar da zai karɓi fenti, kuma dole a fenta shi in ba haka ba rana za ta busar da shi ya farfashe. Ka bar fentin ya hau kan gilashin kamar milimita 2, wannan ɗan layin shi ke hana ruwa shiga tsakanin foti da gilashi, masu son tsabta sukan kankare shi da reza su dawo suna kukan yoyo.

Akwai waɗanda ba naka bane. Gilashi mai ruɓi biyu da iska ko gas a tsakani, in ka ga hazo a cikin tsakiyar inda hannu baya kaiwa, liƙin da ya rufe bakinsa ya lalace, sai dai a yi odar sabo gaba ɗaya da awonsa. Gilashin da in ya fashe yake zama ƙanana kamar tsakuwa, wanda aka gasa ya yi ƙarfi ne, ba ya yankuwa bayan an gasa shi, kuma in shi ne a wurin musamman a ƙofa ko banɗaki ko taga mai kusa da ƙasa inda yaro zai iya faɗawa, da irinsa zaka mayar ba na gama-gari ba. Tagar bene da sai ka hau tsani da gilashi a hannu, dan Allah kira masu aikin.

Fasassun ka naɗe su a kwali ka ɗaure da tef ka rubuta gilashi a jiki saboda masu kwasar shara, ka share wurin, sannan ka bi ƙasan da jiƙaƙƙen tishu don ƙananan da tsintsiya bata ɗauka, ka haska tocila a kwance a ƙasa zaka ga suna ƙyalli. Bayan silikon ko fentin ya bushe ka sake ɗauko tiyon nan, mutum ɗaya a ciki da tishu, ka fara daga ƙasa.